Shanyewar Jijiyar Motsa Ido ga Masu Ciwon Suga

Tsokoki shida ne ke riƙe da kowace ƙwayar ido, su ke juya ta sama da ƙasa, dama da hagu, sannan akwai ta bakwai wadda ke ɗaga fatar ido ta sama. Tsokokin nan ba sa motsi sai umarni ya iso musu daga ƙwaƙwalwa, umarnin kuwa yana bin jijiyoyin saƙo ne, wato fararen zaruruwan nan da ba jini ke gudana a cikinsu ba. Jijiyoyin saƙo 12 ne ke fitowa kai tsaye daga ƙwaƙwalwa a kowane ɓarin kai, likitoci kuma sun ba su lamba. Uku daga cikinsu, ta uku da ta huɗu da ta shida, su ne ke motsa ido. Idan ɗaya ta daina kai saƙo, tsokar da take yi wa hidima sai ta saki, idanuwan biyu su daina kallon wuri guda. Ciwon suga da hawan jini su ne kan gaba wajen jawo wannan ga mutanen da suka haura shekara 50.

Jijiya ta uku ita ce mai babban kaso. Tsokoki huɗu cikin shidan a hannunta suke, haka ma mai ɗaga fatar ido, haka ma tsokar da ke tsuke ƙofar haske, wato ɗan baƙin ɗigon nan na tsakiyar ido da ke ƙanƙancewa a rana ya buɗe a duhu. Ta huɗu tsoka guda take kulawa da ita, mai karkata ido ƙasa idan an kalli wajen hanci. Ta shida ma guda ce tata, mai jan ido waje, wajen kunne.

Yadda abin ke bayyana

Galibi yakan fara da ciwo. Mutum ya ji wani zugi a bayan ido ko a goshi, ɓari guda, kwana ɗaya ko biyu, wani lokaci fiye. Sai wata safiya ya farka ya tarar fatar idon ta sauko ta ƙi ɗaguwa. Idan ya sa yatsa ya ɗaga ta, sai ya ga komai bibbiyu: ƙofa biyu, buta biyu, fuskar mai ɗakinsa biyu. Wanda ke tsaye gabansa zai lura ƙwayar idon ta karkace waje, ta ɗan yi ƙasa, domin tsokoki biyun da suka rage da ƙarfi su ke janta ba mai ja da su. Idan aka ce ya kalli sama ko ya kalli hanci, lafiyayyen idon zai tafi, ɗayan ya tsaya. Wannan ita ce shanyewar jijiya ta uku.

Ta shida ba ta taɓa fatar ido. Idon yakan shigo ciki ne kamar na mai harara-garke, abubuwa su rabu gefe da gefe, rabuwar kuma ta fi tsanani idan an hangi nesa. Direban Adaidaita Sahu da ya sauko daga gadar Dangi ya miƙi titin Zariya zai iya ganin sitiyarinsa daidai, amma motar da ke tahowa can gaba ta zama biyu, bai san wadda zai kauce wa ba. Ta huɗu ta fi su ɓuya. Siffar abu ɗaya kan hau bisa ɗaya, a ɗan jirkice, musamman idan an sunkuyar da ido, shi ya sa mai ita ke shan wuya wajen karatu da saukowa daga bene. Yakan karkatar da kansa zuwa kafaɗar ɓarin da ke lafiya ba tare da ya sani ba, sau da yawa iyalinsa ne ke fara lura.

Akwai gwaji mai sauƙi da kowa zai iya yi a gida. A rufe ido ɗaya, ko wanne. Idan ganin bibbiyun ya ɓace, matsalar ta rashin daidaiton idanuwa ce, irin wadda ake magana a kai. Idan ya ci gaba da ido ɗaya a buɗe, abin yana cikin idon kansa, kamar yana ko buƙatar gilashi. Ƙarfin gani kuwa ba ya raguwa a shanyewar jijiyar motsi, domin jijiyar gani daban take, ita ce ta biyu.

Inda jijiyar ke samun jini

Jijiyar saƙo rayayyen nama ce, tana cin abinci, tana buƙatar iskar da jini ke ɗauke da ita. Wasu 'yan siraran jijiyoyin jini, waɗanda da yawansu ido ba ya gani sai da madubin likita, su ke ratsa ta suna ciyar da ita. A nan ne bayanin cutar gaba ɗaya yake.

Jijiya ta uku tana fitowa daga saman kututturen ƙwaƙwalwa, ta ratsa tsakanin manyan jijiyoyin jini biyu, ta bi ta cikin ruwan da ƙwaƙwalwa ke kwance a ciki, ta shiga bangon wani kogon jini da ke gindin ƙoƙon kai a bayan ido, sannan ta kutsa ramin ido ta wata tsaga. A wannan tafiyar ba daga wuri guda take shan jini ba. Farkonta yana samu daga ƙananan rassan jijiyoyin jinin da ke ciyar da bayan ƙwaƙwalwa. Sashenta na cikin kogon yana samu daga rassan babbar jijiyar jinin wuya, wadda ake jin bugunta a gefen maƙogwaro, bayan ta shige cikin kai. Tsakanin masu ciyarwar nan biyu akwai wani yanki da jinin kowannensu ke isowa da ƙyar. Manoman rani na Kura da Kadawa sun san irin wannan: gonar da ke ƙarshen magudana ita ke fara bushewa da zarar ruwan Tiga ya ja baya, alhali na kusa da baki ba su ma lura ba.

Suga idan ya daɗe yana hawa, yakan ɓata bangon ƙananan jijiyoyin jini a duk jiki. Bangon ya yi kauri, ya yi tauri, hanyar ta tsuke. Hawan jini, yawan kitse a jini da shan taba suna ƙara wa abin gudu. Wata rana jinin da ke isa wancan yankin sai ya gaza, ɗan guntun jijiyar saƙon ya shiga yunwa, ya daina aiki.

An gano haka ne ta hanyar duba jijiyar da ido. A 1957, likitoci uku a Boston ta Amurka, Dreyfus da Hakim da Adams, sun wallafa abin da suka gani a jijiyar wata mai ciwon suga da ta rasu bayan ta gamu da wannan shanyewar. A 1970 Asbury da Fisher da abokan aikinsu suka yi irin wannan binciken dalla-dalla, suna yanka jijiyar siriri-siriri suna bin ta daki-daki. Abin da aka gani ya yi kama da juna: lalacewar a ɗan taƙaitaccen wuri take, a sashen da ke cikin kogon jinin, ƙananan jijiyoyin jinin wurin sun yi kauri sun tsuke, kuma ɓarnar ta fi yawa a tsakiyar jijiyar, gefenta ya tsira. Binciken 1970 ya ƙara nuna cewa abin da ya fi lalacewa shi ne rigar kitsen da ke lulluɓe da zaruruwan, su kansu zaruruwan yawancinsu ba su tsinke ba.

Abubuwa biyu masu amfani ga majiyyaci suna fitowa daga nan. Na farko, tunda zaruruwan suna nan, jiki na iya sake saƙa musu riga cikin makonni, shi ya sa cutar ke warkewa da kanta. Na biyu ya shafi ƙofar haske. Zaruruwan da ke tsuke ta a bayan jijiyar suke kwance, can gefe, ta sama, kuma suna samun jini daga lulluɓin da ke kewaye da jijiyar. Yunwar jinin da ta ci tsakiya takan bar su. Saboda haka mai ciwon suga zai zo da fatar ido a rufe ruf, ƙwayar ido a karkace, amma da an haska masa tocila ƙofar hasken ta tsuke kamar ta ɗaya idon.

Abin da likita ke tsoro

Akwai wani abin da ke shanye jijiya ta uku wanda yake kisa. A gindin ƙwaƙwalwa, daf da hanyar jijiyar, akwai wata gajeriyar jijiyar jini da ke haɗa magudanar gaba da ta baya. Bangonta kan yi rauni a mahaɗa, ya kumbura ya yi ƙullutu. Ƙullutun idan ya girma sai ya danne jijiyar saƙon daga waje, abin da zai fara taɓawa kuwa su ne zaruruwan ƙofar haske, tunda su ne a gefe. Sai ƙofar ta buɗe wangam, ta ƙi tsukewa ko an haska ta. Ƙullutun da ya kai ga danne jijiya yana iya fashewa cikin kwanaki, jini ya malale a cikin kai, kuma da yawa ba sa tashi daga wannan. Ƙari a cikin kai ma kan danna jijiyar haka.

Shi ya sa a ɗakin duba ido, kafin komai, likita zai rage hasken ɗaki, ya ɗaga fatar idon da babban yatsa, ya ce majiyyaci ya kalli bango can nesa, ya auna faɗin ƙofofin biyu, sannan ya kai tocila kan wannan ya kai kan wancan yana kallon yadda kowace ke amsawa. Aikin minti guda ne, amma a kansa ake yanke shawarar ko a tura mutum ɗaukar hoton kai a ranar.

Sai dai ƙa'idar ƙofar hasken ba ta cika ɗari bisa ɗari ba, kuma wannan ya kamata a faɗe shi ƙarara. Wani bincike da Asibitin Mayo ya yi kan mazauna gundumar Olmsted a jihar Minnesota, aka wallafa a 2017, ya tattara mutum 145 da suka samu shanyewar jijiya ta uku cikin shekara 37. Kashi 42 cikin 100 na toshewar ƙananan jijiyoyin jini ne, kashi 6 na ƙullutun jijiyar jini. A cikin masu toshewar, kashi 17 ƙofar haskensu ta taɓu. A cikin waɗanda wani abu ya danne musu jijiya, kashi 64 ne ƙofar ta taɓu, ma'ana fiye da ɗaya cikin uku sun zo da ƙofa lafiya lau. Ciwo ma ba ya rarrabe su, domin duka biyun suna zuwa da shi. Saboda haka likitoci da yawa a ƙasashen da na'ura ke da sauƙin samu sun koma ɗaukar hoton jijiyoyin jinin kai ga duk wanda ya zo da sabuwar shanyewar jijiya ta uku.

A Kano, inda kuɗin hoton nan yake fitowa daga aljihun majiyyaci ko na 'ya'yansa, likita kan auna. Idan mutum ya haura 50, yana da suga ko hawan jini, shanyewar ta cika ta kowace fuska, ƙofar haske kuma lafiya take, wasu kan zaɓi sa ido: a dawo gobe, a dawo jibi, a riƙa duba ƙofar har mako ya cika. Wannan hanya tana da hujja, amma sharaɗinta shi ne majiyyaci ya dawo. Wanda ya tafi gida ya zauna saboda an ce masa "suga ne" ya karya sharaɗin da shawarar ta dogara a kai. Hoto kuwa ba a jinkirta shi idan ƙofar haske ta buɗe, ko shanyewar rabi-da-rabi ce, ko majiyyaci matashi ne, ko jijiya fiye da ɗaya ta taɓu, ko akwai ciwon kai mai tsanani da ya sauko farat ɗaya tare da amai da sanƙarewar wuya, ko hannu da ƙafa sun yi nauyi, ko magana ta sarƙe.

Akwai wani haɗarin da ya keɓanta da masu suga. Idan sugan ya yi mummunan hawa, wani nau'in fumfuna kan kama kogon hanci, ya ci gaba zuwa ramin ido. Alamarsa zazzaɓi, kumburin fuska da ido, toshewar hanci da baƙin ɓawo a cikinsa ko a ganɗa, ido ya turo ya ƙi motsi. An ga dubban masu irin wannan a Indiya a 2021, lokacin annobar korona. Wannan na gaggawa ne, na kwanciya da tiyata. Cutar raunin tsoka da ke sa fatar ido ta faɗi da yamma ta tashi da safe, da cutar maƙoƙo mai turo ido, su ma suna iya kama da shanyewar jijiya, likita ne ke tantance su.

Hanyar neman magani a Tarauni

Mazauna Gyadi-Gyadi, Hausawa, Darmanawa, Daurawa da Unguwa Uku suna da abin da yawancin mutanen Arewa ba su da shi. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988 kuma jama'a ke kira Asibitin Malam, yana kan titin Zariya a ƙaramar hukumarsu ta Tarauni. A can akwai sashen ido, da likitocin suga, da na ƙwaƙwalwa, da na'urar ɗaukar hoton kai, duk a harabar guda, wannan cuta kuwa tana buƙatar su duka. A cikin gari akwai Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad, akwai Asibitin Ido na ECWA a Sabon Gari wanda ke aiki tun 1943, da Asibitin Ido na Makkah.

Kusancin asibiti bai hana jinkiri ba. Fatar ido da ta rufe dare ɗaya, ba faɗuwa ba bugu, abu ne da ke saurin kai zuciya ga iska ko jifa. Sai a fara da hayaƙi da shafe-shafe, wani ya kawo ruwan ganye a ɗiga, wani ya ce a gwada kwalli. Ga wata matsala kuma: tunda cutar tana warkewa da kanta, duk abin da aka yi amfani da shi na ƙarshe shi ke samun yabo, sai a riƙa ba maƙwabta labarinsa. Wanda nasa ƙullutu ne ya bi wannan shawarar, kwanakin da za a cece shi a cikinsu su ne ke tafiya. Addu'a da tofi ba sa hana zuwa asibiti, ana haɗa su. Abin da ke cutarwa shi ne zuba wa ido abin da ba a san shi ba, da zaman jira.

Kemis ma yana da nasa. Ana yawan ba mai ciwon ido ƙwayoyin rage kumburi irin su Prednisolone da Dexamethasone. Ba sa gyara jijiyar da ta rasa jini, kuma suna harba suga sama sosai.

Ba kowa ne ke zuwa da sanin yana da suga ba. Ƙididdigar Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta 2021 ta nuna manya miliyan 537 ke da cutar a duniya, miliyan 24 a yankin Afirka, kimanin miliyan 3.6 a Nijeriya, kuma fiye da rabin masu ita a Afirka ba a gwada su an gano ba. Don haka sau da yawa a ɗakin duba ido ake fara gaya wa dattijo cewa yana da suga. Gwajin da ake yi shi ne na jini kafin karin kumallo, inda 7.0 ko fiye a ma'aunin milimol (126 a ma'aunin miligiram) ke nuna cutar, da gwajin da ke nuna matsakaicin suga na wata biyu zuwa uku, inda kashi 6.5 ko fiye ke nuna ta. Ana haɗawa da awon hawan jini, kitsen jini da aikin ƙoda. Shanyewar kan zo ma wanda sugansa bai yi wani tsanani ba, saboda haka samun lamba mai kyau a na'urar gida ranar da abin ya faru ba ya kore ta.

Jinya da warkewa

Babu allura ko ƙwaya da aka tabbatar tana gaggauta farfaɗowar jijiyar. Sinadaran bitamin B da ake yawan rubutawa ba su da hujjar yin haka, sai ga wanda ke da ƙarancinsu. Abin da ake yi shi ne a saisaita suga da hawan jini da kitse, a bar taba, a ba da maganin ciwo na 'yan kwanakin farko, a sauƙaƙa wa mutum rayuwa kafin jijiyar ta dawo. Ganin bibbiyu yana sa jiri da tuntuɓe, maganinsa rufe ido ɗaya da ƙyalle mai tsabta, ko a manna takarda mara sheƙi a gilashi ɗaya na tabarau. Ga babba, rufe ido na watanni ba ya raunana shi. Tuƙin mota, babur ko Adaidaita Sahu, da hawa gini, da aiki da injin yanka, duk a dakata da su har likita ya sallama, domin mai ido ɗaya ba ya auna tazara daidai. Ga magidancin da abincin gidansa ke kan titi wannan hukunci ne mai nauyi, kuma a nan ne 'yan'uwa ya kamata su shigo.

A makon farko abin na iya ƙara tsanani kafin ya tsaya. Ciwon kan lafa cikin mako ɗaya ko biyu. Motsi kan fara dawowa bayan wasu makonni, mafi yawa kuma sun warke sarai zuwa wata uku. Akwai wani mataki da ke tayar wa majiyyata hankali: sau da yawa fatar ido ke riga tsokokin juyawa tashi. Muddin tana rufe, ita ke kare mutum daga gani bibbiyu, da ta buɗe sai ganin ya bayyana, ya ɗauka cutar ce ta ƙaru, alhali alamar sauƙi ce. Idan an gaya masa tun farko, ba zai firgita ba.

Idan wata uku ya wuce ba alamar sauƙi, ana sake bincike daga tushe, da hoto, ko da an yi a baya. Haka kuma idan jijiyar ta warke a karkace, misali fatar ido ta riƙa ɗaguwa duk lokacin da mutum ya kalli ƙasa ko ya kalli hanci. Wannan yana nuna zaruruwan sun tsinke ne suka sake tsirowa ta hanyar da ba tasu ba, abin da dannewa ko rauni ke jawowa, ba a kuma saba ganinsa a shanyewar suga ba. 'Yan kaɗan da karkacewar ta zauna musu ana yi musu gilashi na musamman mai karkata haske, ko tiyatar tsokar ido bayan an tabbatar abin ya tsaya wuri guda na wata shida ko fiye.

Shanyewar na iya dawowa bayan watanni ko shekaru, a jijiyar da ta taɓa kamawa ko wata, a wannan idon ko ɗayan. Ƙananan jijiyoyin jinin da suka gaza a bayan ido irinsu ne ke ciyar da shimfiɗar gani ta cikin ido, da ƙoda, da jijiyoyin tafin ƙafa, kuma lalacewar waɗannan ba ta warkewa da kanta. Saboda haka duk wanda ya gamu da wannan shanyewar ana son a ɗiga masa maganin buɗe ƙofar haske a leƙa bayan idonsa, amma sai bayan an gama sa ido kan ƙofar, don kada maganin ya ɓoye alamar da ake nema. Daga nan a riƙa maimaita dubawar aƙalla sau ɗaya a shekara, tare da gwajin fitsari don ƙoda da duba ƙafafu.